Man Kaɗe a Bindigar Mukhtari

Bronx, New York
Disamba, 2016

Zuwa ga Yayana Abubakar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida a Tibiri. Allah ya sawwaƙa maka ciwon gwiwa, ya sa geron bana ya kai ku wata damina. Mu nan alhamdulillahi. Mariama ta koma aikinta na kula da tsofaffi, Firdausi tana zuwa makaranta, ni kuma ina layin tasi a filin jirgin JFK ina jiran fasinja. Ana ci, ana sha, gari yana wayewa. In dai ɗanɗanon abincin za ka tambaye ni, to ban sani ba. Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san tun aji huɗu muka rabu da lakwal, makarantar boko, kuma ita ta fi ni murna.

Na san Mariama ta kira ka ta ce ƙanenka ya shigo da bindiga gida, yana zama yana shafa ta kamar jariri. Na kuma san abin da kuke tsoro, ko da ba wanda ya fito ya faɗa: wai zan je neman direban babbar motar da ta take ɗanmu Mukhtari a kan kekensa a Fordham Road, direban da aka sallama aka ce tsautsayi ne. Ruwa ba ya tsami banza, ban ga laifinku ba. A waya na kasa ba ka amsa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bindigar nan shawarar Mukhtari ce. Tun yana ƙarami na cika masa kunne da labarin Baba, yadda yake shiga daji da bindigar toka ya dawo da gada a kafaɗa. Da ya girma sai ya gano cewa can arewa da birni, in sanyi ya shiga, hukuma tana barin mutane su yi farautar barewa, barewar ƙasar nan da ta kusa kai jaki. Ya ce mini da karyayyar Hausarsa wai abin kunya ne jikan maharbi yana sayen nama a leda. Na ce masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a gidanmu an samu ɗaya, ni ne, don in aka harba a ƙofar gida ni ake fara zaƙulowa daga ƙarƙashin rumbu. Bai saurare ni ba. Shi ya nema mana permi, takardar izinin riƙe bindiga, shi ya ja ni ajin koyon farauta, inda yake fassara mini ni kuma ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ofishin permin nan ba ya sauri. Nawa permin bai iso ba sai bayan sadakar arba'in ɗinsa.

Na bar shi a kan firji ya daɗe. Wata Asabar sai na tsinci kaina ina tuƙi zuwa shagon da muka taɓa leƙawa tare a bayan gari. Mai shagon, wani Bature mai tumbi da gemu kamar liman, ya yi ta jero mini bindigogi. Ya ce baƙaƙen nan masu kama da na soja doka ta hana su, na ce ko da kyauta ba na so, ni ba juyin mulki zan yi ba. Ya sa na ɗora wannan a kafaɗa, na ɗora waccan, ya ce a zaɓi wadda ta zauna wa mutum, kamar takalmi. Duk wahalar banza ya yi, don na san wadda na zo ɗauka: mai gindin katako, wadda Mukhtari ya nuna ya ce ta yi kama da ta kakansa a hoto. Irin mai ɗura kanta ce, Yaya. Kana jan kunama ta harba, ita da kanta za ta ɗauko harsashi na gaba ta jira ka. Da Baba ya ga wannan, da ya ce lalaci ne. Baturen ya tambaye ni ina yaron nan mai dariya, na ce ya yi tafiya.

Ya haɗa mini da 'yar kwalbar mai kamar ta kwalli, ya ce ɗigo kaɗan ya isa. Na ce a zuciyata wannan rowa ce. Ai ka tuna Baba duk Juma'a bayan masallaci yakan shimfiɗa buzu ya shafe bindigarsa da man kaɗe, yana cewa ƙarfe ma yana jin yunwa. To, akwai man kaɗen da Inna Iyatu ta aiko da shi lokacin gaisuwa. Duk Juma'a sai in shimfiɗa jarida a falo, in kwance ta yadda aka koya mini, in tura tsumma cikin hancinta, in cika mata ciki da mai har tana ƙyalli. Abin da Mariama take gani ke nan ta ƙofar kicin. Ba tunanin direba nake yi ba. Ba tunanin komai nake yi ba, shi ya sa ma nake son aikin.

Watan jiya muka tafi dajin da Braimah, ɗan zangon Kumasi da muke layi ɗaya a filin jirgi, wanda ya daɗe yana farautar nan. Sanyi, Yaya, har haƙorin da aka cire mini sai da ya yi ciwo. Muka laɓe, muka daɗe. Can sai ga ta, ƙatuwa, ta fito fili ta tsaya. Na yi bisimilla, na auna, na ja kunama. Sai na ji ƙyas, shi ke nan. Barewar ta juyo ta dube ni tana tauna, kamar ɗan duwan na bakin iyaka da ya san ba ka da komai a aljihu, sannan ta wuce abinta ba ko gudu. Braimah ya karɓi bindigar ya cire harsashi, ya buɗe cikinta da ƙyar, ya tarar man ya daskare fari fat kamar sabulu, ya riƙe komai. Ya shinshina, ya tambaye ni ko kaushin ƙafa take fama da shi. Na ce gadon ubana ne. Ya ce ubana bai taɓa farauta cikin firiza ba. Ya yi dariya har ya zauna a ƙanƙara.

Ni ma dariyar ta taso mini, sai na juya dama don in ga yadda Mukhtari zai yi, don ka san shi ne zai fi kowa tsokanata, har Firdausi sai ta ji a waya. Itace ne a wurin. Ban yi kuka ba. Na dai tsaya ina kallon itacen har Braimah ya daina dariya, ya ɗauki bindigar ya rataya tare da tasa, muka koma mota.

To ka ji, Yaya. Maganar direba kuwa, na laluba zuciyata ina neman fushi kamar mai neman makullin mota, ban samu ba. Amma na gane mai tsoro ba a ba shi magana, abu ake ba shi a hannu. Braimah ya wanke bindigar da man Bature, na sa mata kwaɗonta, na rufe ta a akwati, na miƙa wa Mariama makullin. Ta ƙulle shi a haɓar zanenta, inda ko ɓarawo ba ya kaiwa balle ni. Sauran man kaɗen ma ta ƙwace, ta ce in miƙo ƙafa, tunda ni ne mai kaushin. Yanzu ran Juma'a sai na roƙa ta kwance mini makullin, ta zauna kusa da ni har in gama gogewa. Ran nan ita ta riƙe mini tsumma.

In sanyin baɗi ya zo da rai, zan roƙe ta makulli. In ta ba ni, na je. In ta hana, barewa ta ƙara shekara.

Ka gaishe mini da Inna Iyatu, ka ce man kaɗenta ya ceci rai a Amurka. Ka gai da Abiba da yara, da liman, da duk wanda ya zo mana gaisuwa. In ka je kabarin Baba, ka haɗa da jikansa a addu'a.

Ƙanenka, maharbin da bai taɓa kashe ko zabo ba,
Ɗanasabe