Yaran da Suka Tsaya a Bayana Ba Su San Zan Tafi Ba

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan uwa na wannan zaure. A taimaka a ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, domin kaina ya daina ɗaukar lissafin nan, lokacin da ya rage min kuma kaɗan ne.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da fiziks a wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye can bayan Sandamu, ba zan faɗi sunansa ba don duk wanda ya san yankin zai gane ni. Iyalina a cikin garin Daura suke, kullum a kan mashin nake zuwa in dawo, na fi shekara goma a haka. Da damina in ka sauka daga kwalta sai ka tura mashin ɗin da hannu, da rani kuma yashi ya riƙa wasa da kai. Bayana ya riga ya gaji, likita ya ce in rage hawa mashin, na dai yi masa godiya na fito, ban san ko jirgi yake so in riƙa hawa ba. A takarda fiziks ne aikina, amma tun da mai koyar da kemistiri ya yi ritaya ni nake rufe gurbinsa, lissafin manyan aji ma in ba a turo mana ɗan bautar ƙasa ba kaina yake faɗowa. A taƙaice dai ajin sayans na makarantar nan ni ne.

Muna da wata al'ada da muka gada wajen wani tsohon firinsifal. Duk farkon shekarar karatu ana ware rana guda ta tarbar sabbin 'yan SS1, a gayyato iyaye, a shimfiɗa tabarmi a jera benci a ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis. Malamin kowane ɓangare ya tashi ya tallata hajarsa, na sayans, na kasuwanci, da na at, wato masu adabi da tarihi da gwamnati. In an gama sai mu uku mu tsaya a fili, a ce kowane yaro ya je ya tsaya bayan malamin da ya zaɓa, maza layinsu mata layinsu, iyaye suna kallo. Daga nan akan ba da kamar sati biyu, wanda ya ga ya yi kuskure ya canza, sannan a tura sunaye ofishin shiyya, shi ke nan an rufe. Kun ga ke nan a wajenmu yaro ba darasi yake zaɓa ba, mutum yake zaɓa.

Bana da aka zo kaina, na fito da ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu, na tattara hasken rana a kan busasshen kara har ya fara hayaƙi ya kama wuta, dattawan da ke kan benci suna ta cewa ikon Allah. Daɗin hakan ya ɗebe ni, na ce musu duk yaron da ya tsaya a bayana, in Allah ya ba da rai da lafiya ni zan riƙe hannunsa har ya rubuta jarrabawar fita. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, don na daɗe da cire rai da maganar canjin wurin aiki, na nema na nema har kunyar shiga ofishin nake ji. Da na waiga na ga layin da ban taɓa samun irinsa ba, 'yan mata ma da a da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, bana layinsu ya kusa kamo na maza.

Ba a rufa sati ba wani abokina da ke ofishin shiyya ya kira ni yana min barka, wai taransifa ta fito, an mayar da ni wata makaranta a cikin Daura, wadda daga gidana da ƙafa zan iya zuwa. Farkon wata mai kamawa zan kama aiki. Na tambaye shi wa aka turo a madadina, ya yi 'yar dariya ya ce in bar wannan zancen, malaman fiziks ko a cikin gari neman su ake.

Ga dalilin da ya sa nake neman canjin nan tun farko. Mahaifiyata tana da shanyewar ɓarin jiki, a gidana take, kuma matata ce ke ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ga yara. Akwai ranar da Inna ta zame a banɗaki, matata ta kasa ɗaga ta ita kaɗai, ta yi ta kiran wayata, ranar kuwa babu sabis a ƙauyen, sai maƙwabta ta shiga ta yi wa sallama. Da na ba matata labarin taransifa, a tsakar gida ta yi sujjadar godiya. Da na ce mata amma fa ina tunanin yaran can, ba ta ɗaga murya ba, ita ba mai hayaniya ba ce. Cewa ta yi shekara goma 'ya'yan mutane ne ke cin safiyata da ranata, su kuma abin da hanya ta rage shi suke samu, mutumin da in ya shigo ko yaro ba ya iya sunkuyawa ya ɗauka. Ta ce in na ƙi karɓa ba za ta hana ni ba, amma kada in ƙara tambayarta me ya sa ta yi shiru. Tun ranar maganarmu ba ta wuce sannu da zuwa da ga abinci.

Na samu firinsifal ɗinmu na faɗa masa. Ba mugun mutum ba ne, shi ma gajiyayye ne irina, saura masa kaɗan ya ajiye aiki. Ya ce ba zai tare min hanya ba don ya san halin da Inna take ciki, abu ɗaya yake roƙo, in ja bakina in yi shiru har a rufe sunaye. Hujjarsa ita ce in ajin sayans ya tafi ofis a cike, yana da bakin da zai je ya zauna musu a ƙofa har su turo malami. In kuwa yara suka ji suka watse zuwa at, za a ce makarantar ba ta buƙatar malamin sayans, 'yan kayan gwaje-gwajen da muka sha wuya kafin mu samu a kwashe a kai wani wuri, kuma abin da aka kwashe daga ƙauye ba ya dawowa. Na ce ranka ya daɗe in ba a turo ba fa? Na tuna masa makarantar da ke gaba da mu, yaransu sun gama ajin sayans ba su taɓa ganin malamin fiziks ba, da jarrabawa ta zo suka zube gaba ɗaya. Ya ce Allah zai kawo mafita, ya ƙara da cewa in na yi magana, abin da na gina da hannuna shi zan rushe da bakina. Mun rabu ba daɗi, kuma abin haushin shi ne na kasa cewa ƙarya yake.

Da abin ya tsaya nan da wataƙila na bi shawararsa na rufe ido. To akwai wata yarinya a layin nan, bari in kira ta Rabi, ba sunanta ba ne. Tun tana ƙaramin aji nake lura da ita, irin yaran nan ne da kafin ka gama rubuta tambaya a allo sun fara motsa baki. Burinta aikin jinya, don asibitin ƙauyensu babu ma'aikaciya mace ko ɗaya, mata da yawa sun gwammace su zauna da ciwo a ɗaki. Ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta kimiyya ta 'yan mata, an ba ta gurbi. Mahaifinta manomi ne, da kyar aka shawo kansa ya yarda ta yi nisa da gida. To yana cikin dattawan da ke kan benci ranar nan, da ya ji alƙawarin da na yi sai ya ce ai magana ta ƙare, tunda ga Malam a gida me za a je nema a wani gari, ga shi uwarta ma za ta samu mai kama mata aiki. Yarinyar ba ta yi musu ba, ta zo ta tsaya a bayana tana murmushi.

Yau bayan an tashi na tarar da mahaifin nata a jikin mashin ɗina yana jira, da 'yar wayarsa a hannu. Ya ce daga makarantar kwanan an yi ta kira, suna so a faɗa musu ko tana zuwa ko su ba wata gurbin, don akwai masu jira. Shi kuma matar da ke kiran tana haɗawa da Turanci, ba ya gane rabin abin da take faɗa. Ya miƙo min wayar da hannu biyu ya ce, "Malam, kai za ka gaya musu sun gode, a ba wata. Rabi ai tana hannunka." Na rasa inda zan sa idona, na ce masa yanzu sun tashi daga ofis, ya bari sai an kwana biyu. Ya ce a'a, gobe da safe kafin ya wuce gona zai biyo, kada a tare wa 'yar wani gurbi a banza.

Na san wasu za su ce in faɗa masa shi kaɗai a asirce. Wanda ya zauna a ƙauye ya san in na faɗa masa da hantsi, kafin a idar da la'asar duk majalisar ƙofar masallaci ta ji, washegari ajin ya watse, kuma ba laifinsa ba ne, da wane dalili zai ce wa mutane ya canza shawara? Wasu kuma za su ce in haƙura in zauna saboda Allah. Na yi wannan tunanin, amma Inna ma saboda Allah ce, matata da bayanta ya fara ciwo irin nawa ita ma haka. Na yi istihara, na tashi da gajiyar da na kwanta da ita.

Don Allah malamai da iyaye da ke cikin zauren nan, ku faɗa min abin da za ku yi in ku ne. In bar taransifar in ci gaba da barin Inna a hannun mace ɗaya? In tafi in yi shiru kamar yadda firinsifal ya roƙa? Ko in faɗi gaskiya Rabi ta tsira, ƙauyen ya rasa ajin sayans? Ku amsa da wuri, domin gobe da safe mutumin nan zai sake miƙo min wayarsa, kuma duk abin da na faɗa a cikinta ba zai tambaye ni dalili ba.