Na Gan Ki a Cikin Gem ɗin Sadiya

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Bayan gaisuwa, ƙorafi na kawo miki.

Kin tuna Sadiya, 'yar maƙwabtanmu ta Gyaɗi-Gyaɗi, wadda ta mayar da gidanmu gidansu? Yanzu tana Legas, tana ƙirƙirar wasannin bidiyo, waɗanda yara ke kira gem. An kawo aikinta gidan tarihi tare da na wasu, ta turo min gayyata ta waya. Ranar Asabar da na tashi daga asibiti na tari adaidaita na tafi, ko kayan aiki ban cire ba.

An jera zane-zane a bango, tun daga na fensir har zuwa masu launi, ana nuna yadda ake gina wasa daki-daki. Ina ta wucewa kawai, sai na yi turus. Ga tsakar gidanmu, ga randa a gindin dalbejiya. Ga ki a tsaye, ɗankwali a karkace, har da tabon ƙunar man ƙosai a hannunki na hagu. Wallahi ni na manta da tabon nan, ita ba ta manta ba. Nan take kishi ya turnuƙe ni.

A gefe an rubuta bayaninta. Wai a wasanta ba a mutuwa. Idan ka faɗi, wata mata ce za ta zo ta ɗaga ka, ta kakkaɓe maka jiki, ta kira sunanka.

Na san inda ta samo wannan. Duk ranar da ta yi tuntuɓe a soronmu, da gudu kike fitowa: "Sadiyata, tashi, ba komai." Ni kuwa ko goshi na fasa, daga nesa za ki ce, "Ke, tashi mana."

Na sani, Inna, kunyar 'yar fari ce. Haka kika taso kika gani, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Na kuma san ke kike tura min tsokar nama ƙarƙashin tuwo don kada a gani. Amma har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba, Sadiya kuwa ta ji nata har ya ishe ta.

Na bi layin yaran da ke jiran gwada wasan a allon kwamfuta, ni da girmana. Da aka zo kaina, allon ya nemi suna, na rubuta nawa. Ban yi wani wasan kirki ba, da gangan na jefa kaina cikin kwata. Sai ga ki kin fito daga soro, kika sunkuyo, kika ce, "Bilkisu, tashi, ba komai."

Muryar ba taki ba ce, ta wata yarinya ce mai zaƙin baki. Duk da haka na sake faɗawa kwatar, na kuma sakewa, har na bayana suka fara tsaki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, yanzu duk wanda ya bi layin nan sai kin kira sunansa. Har yau ban amsa saƙon Sadiya ba. Zan amsa, amma sai na huce.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya haskaka makwancinki. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, ki dube ni ido da ido, ki kira ni da bakinki.

'Yarki ta fari,
Bilkisu