Sharhin da Na Karanta wa Baba

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan Gozaki mun gode Allah, ana ta sussukar dawa.

Na ga sharhin da ka rubuta a shafinka kan wasan tartsatsin wuta na sabuwar shekara. Na karanta wa Baba, tunda idanun sun ƙi. Da na zo inda ka ce sama ta yi furanni ja da kore, har murmushi ya yi. Amma da na kai wajen ƙarar da mutane suke yi wa tafi, sai ya ce, "Kuma ba wanda ya gudu?"

Ba mu gaya maka ba. Makon jiya an buga nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, a wani biki, gari ya ɗauka 'yan bindiga ne. Garin gudu Gwaggo Laure ta faɗi ta karye a ƙugu. Tana kwance a Malumfashi, ku sa ta a addu'a.

Baba yana gaishe ku. Ya ce ka ci gaba da rubuto masa launukan, ƙarar dai ka riƙa tsallakewa.

Ƙanwarka,
Binta