Kwamfutocin da Aka Hana Kunnawa

Daren Laraba, Sabon Gari

Littafina, ka yi haƙuri zan ɓata maka shafi da ƙorafi. Umma ta yi barci, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Yau ni ce da sharar ɗakin kwamfuta na makarantarmu. Tun zangon farko kwamfutocin suke jere cikin leda, ba a taɓa kunna ko ɗaya ba. Malam Bitrus ya ce kamfanin da ya rasa kwangilar kawo su ne ya kai ƙara, wai ma'aikatar ilimi ta yi son kai, shi ne aka hana amfani da su sai an yanke hukunci. Mu kuwa bayan Sallah za mu yi jarrabawar shiga jami'a, kuma a kwamfuta ake yin ta.

Ina cikin gogewa na ɗaga ledar ɗaya, na fara neman haruffan sunana a kan maɓallanta. Ban ji shigowar Malam ba.

"Hauwa'u, so kike a kai ni da ke kotu?"

Na kasa ɗago kai. Ya yi dariya, ya nuna mini yadda ake ɗora yatsu. "Danna, amma kar ki kunna."

Na danna. Gilashin baƙi ƙirin, fuskata kawai nake gani a ciki. Ban san ko daidai na yi ba.

Akwai shagon koyo a bakin kasuwa, amma Baba ba zai bar ni in zauna cikin samari ba. Na tambayi Malam yaushe za a gama shari'ar. Ya dubi ledojin, ya ce, "Ki dai riƙa karɓar sharar Laraba."