Ciyaman da Ɗan Takara

Litinin, 4 ga Maris

Ruwan babban tanki: zafi 26, gishiri 1.025. Daidai. Na sake aunawa duk da haka.

Bwana Shee, manajan otal ɗinmu, ya dawo daga Mombasa da leda ɗaure, kifi a ciki. Kangaja ne, kamar yadda ake kiran irinsa a nan: jiki shuɗi, fiffiken baya rawaya, fuska baƙa, fari a maƙogwaro. Wato irin kifinmu Ciyaman sak, wanda ya daɗe shi kaɗai ne kangaja a tankin zauren baƙi. Wai kaɗaici ya dami Ciyaman, ya samo masa ɗan'uwa.

"Za su zauna tare, ko, Likita?"

Ni ba likita ba ce. Digiri ɗaya gare ni a ilimin halittun teku, kuma ina cikin watannin gwajin aiki. Na ce, "Ya danganta, Yallaɓai." Na fara bayanin girman tanki da yawan maɓoya, wayarsa ta yi ƙara, ya wuce.

Amsar gaskiya a'a ce. Kangaja ba ya ganin ɗan'uwa a mai kama da shi. Yana ganin wanda zai cinye masa gansakukar duwatsu. Lita ɗari tara ba za ta ishi irin waɗannan biyu ba.

Laraba, 6 ga Maris

Sabon kifin yana ƙaramin tanki a ɗakin ajiya, sai na tabbatar bai zo da cuta ba. Yana cin ciyawar teku.

Mama Nyevu mai sharar zaure ta leƙa shi, ta ce, "Tunda akwai Ciyaman, to wannan Ɗan Takara ne." A takardata kifi na biyu yake. Ni ma ta raɗa mini suna, wai Ya-Danganta. Ta gaya wa 'yan kicin an tambaye ni ko zan sha shayi, na ce ya danganta. Ban ce haka ba. Na tambaya ko akwai tafasasshe ne kawai.

Alhamis, 21 ga Maris

Ba ɗigon cuta ko ɗaya a jikinsa. Ba ni da sauran hujjar riƙe shi.

Juma'a, 22 ga Maris

Na rataya akwatin roba mai huji-huji a cikin babban tanki, na sa sabon a ciki, don su ga juna ba tare da sun taɓa juna ba.

Ciyaman ya zo nan take. Bai kai baki ba. Gefe ya juya, ya miƙe fiffikensa, ya riƙa kaɗa wa akwatin wutsiya. A gindin wutsiyar kangaja akwai aska, ɗaya kowane gefe, kwance take sai ya so ya fito da ita. Na karanta wannan a makaranta. Ban taɓa jin ƙararta a jikin roba ba sai yau.

Litinin, 25 ga Maris

Bwana Shee ya tsaya gaban tankin, hannu a aljihu. "Kadzo, baƙin Ista na tafe. Ba zan nuna musu kifi a kurkuku ba. Gobe ki sake shi. Akwai matsala?"

Na ce ya danganta da yadda Ciyaman ya karɓi sauyin duwatsu.

"Madalla," in ji shi.

Ban san me ya ji ba.

Talata, 26 ga Maris

Na yi duk abin da ake yi. Na birkita tsarin duwatsu don Ciyaman ya rasa iyakar gonarsa. Na maƙala ciyawa a kusurwa biyu masu nisa. Na rage haske. Sannan na buɗe akwatin.

Ciyaman ya ɗan zaga yana neman kogonsa. Bai samu ba, ya samu sabon. Ya kore shi har saman tanki, bayan bututun ruwa, inda kifin ya lafe a karkace yana numfashi da sauri.

Na aro madubi daga ɗakin gyaran gashi na jingina a jikin gilashi. Ciyaman ya ga kangaja na uku a cikin madubin, wanda ba ya gudu, ya koma kansa. Sabon ya sauko ya ɗan ci.

Mama Nyevu ta jingina da sandarta ta goge ƙasa tana kallo. "Ka ga namiji. Ya samu wanda ya kai shi taurin kai. Haka mijin ƙanwata yake, shi da rediyo."

Laraba, 27 ga Maris

Madubi na aiki, amma leɓen Ciyaman ya yi fari saboda dukan gilashi. Bai ci komai ba yau. Wannan dabarar ta ɗan lokaci ce, na sani. In na bar madubin, shi zai jikkata. In na ɗauke, ɗayan.

Alhamis, 28 ga Maris

Na ɗauke madubin da safe don Ciyaman ya ci. Na je ɗauko ma'aunin gishiri na dawo. Na tarar da yanka a gefen hagu na sabon, santimita biyu, a miƙe kamar da reza. Ba jini sosai. Ɗigon fari ya fara fitowa a fiffikensa, cutar da take kama su in tsoro ya yi yawa.

Na tsaya ina lissafi. In ya kwana a nan, ba zai kai Lahadi ba. Kangaja ba ya kamuwa da raga a cikin duwatsu, sai an kwashe su. Zaure cike da baƙi masu jan akwatuna.

Na kwashe duwatsun. Na jera su a bahuna a kan tayil ɗin da Mama Nyevu ta gama gogewa. Ta jawo wani bahon da ƙafa ta turo mini. Ruwa ya jiƙa ni har kafaɗa. Wata baƙuwa ta ɗauke ni hoto.

Ina riƙe da bokiti, kifin a ciki, Bwana Shee ya iso.

"Wa ya ba ki izini?"

Na ce babu.

"Ba ke kika ce za su zauna ba?"

Na ce ban ce ba. Ya ce to me na ce. Na buɗe baki, Mama Nyevu ta riga ni daga inda take tsane ƙasa: "Ta ce ya danganta, Bwana. Ga shi ya dangana."

Bai yi dariya ba. Ya ce mu haɗu a ofis bayan Ista.

Asabar, 30 ga Maris

Yankan bai ruɓe ba. Sabon, da na mayar ƙaramin tanki, ya ɗan ci da rana. Ni ban iya ba.

Cutar ta riga ta shiga babban tanki, dole in sa ido a kan Ciyaman ma. Ya koma ci, ya zaɓi sabon kogo.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ofis. Na shiga da bayanina a shirye, shafi guda. Bai tambaya ba. Ya ce ya yi waya da dillalin Mombasa da ya sayar masa da kifin, mutumin ya ce kuskuren shi ne sa biyu. A zuba biyar lokaci ɗaya, faɗan ya rarrabu, ba wanda zai sha shi kaɗai.

"Zai yiwu, Likita?"

Na ce, "Ba zai yiwu ba."

Ya jira sauran. Babu saura. Ya dube ni, ya dubi takardar da ke hannuna, ya ce, "To. Shi wancan fa?" Na ce in ya warke a sama masa nasa tankin a ɗakin cin abinci. Ya ce zai duba. Maganar gwajin aikina ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba.

A tanki mai lita dubbai, maganar dillalin tana da gaskiya, ya danganta. Ban faɗa ba.

Ruwa: 26, 1.025. Sau ɗaya na auna. Ɗan Takara ya cinye ciyawarsa.