Sunan Da Ban Rubuta Ba

Litinin, 3 ga Yuni 1957, Kebbe
Bara'atu matar ɗana ta sauka lafiya, ɗiya mace! Jikata ta fari. Uban kuwa yana Jos wurin haƙar kuza, wata bakwai ke nan tun da muka yi faɗa kan bijimin da ya sayar. Ba mu san masaukinsa ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, Tambuwal
Na zo bisa jaki wurin Malam Na'iya, wanda ya koya mani boko ajin yamma. Akwatin rediyon ɗakin karatu hannunsa yake. Ya ce leburorin Jos ba su barin shirin gaisuwa ya wuce su. Na rubuta wasiƙa zuwa gidan rediyo da hannuna, na liƙe, ban nuna mashi ba.

Litinin, 10 ga Yuni
Suna. Ni'imatu. Ba uba.

Laraba, 19 ga Yuni, Tambuwal
Wuni guda gaban akwati. Karatun Alƙur'ani, labarai, wani yana koya mani shuka gyaɗa, ni! Malam ya murɗa, Ikko na Turanci. Ya murɗa, Landan na shuu. Ashe gaisuwa sai Alhamis bayan la'asar.

Alhamis, 20 ga Yuni
An karanta. Gara da ba a karanta ba. Mai shirin ya ce wani dattijo daga Kebbe yana sanar da "yaron nan" an yi mashi haihuwa. Ya ce baba, yara suna da yawa a Jos. Ɗaki ya kwashe da dariya.
Malam ya ce akwati bai san alkunya ba, sai da suna. Ɗan fari ne. Shekara ashirin da shida bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Ta yaya?

Juma'a, 21 ga Yuni
Fensir a hannu tun hantsi. Bara'atu ta daina tambayata in na koma gida, wannan ya fi ciwo.
Na rubuta sabuwar wasiƙa, har da sunan. Hannu ne, ba baki ba.

Alhamis, 4 ga Yuli
Batir ya mutu ana tsakar kiɗan goge. Ko an karanta, oho.

Asabar, 13 ga Yuli, Kebbe
Ya iso da azahar, ya rame, ya durƙusa a zaure. Ya ce da ya ji sunansa daga bakina cikin akwati sai ya ajiye kwano. Na ce ba bakina ba ne, na mai shirin ne.
Maganar bijimi ba ta taso ba.
Matata Kulu ta rantse wai ta ji na ce, "Tashi, Maccido." Ban tuna ba.
Na leƙa waje na ce wa maƙwabta kowa ya shigo, ga yarinya hannun ubanta, a zo a gani.