Na Baya Ba Sa Ganin Leɓe

Litinin, 5 ga Oktoba, 2015

Cornelius, malamin sakandaren nan mai son wasan kwaikwayo, ya tara mu 'yan gudun hijira a wani aji a unguwar Bolari, nan Gombe. Wai za mu yi wasa kan yadda aka bi gida-gida aka karkashe Kiristocin garinmu bara. Ba rubutu. Shi zai faɗi abin da ya faru, kowa ya sa maganarsa. Ni an ba ni tsohon da ke zaune a gindin bishiya ba ya cewa uffan. Ya yi min daidai. Da ma don Hilda na zo, ita ke ɗinka kayan wasan, ita ta roƙe ni.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Babayo aka ba maƙwabcin da ya nuna wa 'yan bindiga maɓoya. Sai ya zare ido, ya yi dariyar mugunta, ya miƙa yatsa yana ihu, "Ga shi can!" Masu leƙe ta taga suna ta ƙyaƙyata. Haka mutanen Gombe ke son ganinsa, mugu mai ƙaho, su ce Allah ya kiyaye, su koma gida su ci tuwo. Ba su san dawan garin ba. Raina ya ɓaci har na manta hulata a ajin.

Asabar, 10 ga Oktoba

Hilda ta kawo min tuwo har rumfar da nake facin taya, kamar kowace Asabar tun isowarmu. Wai ni ne aminin mijinta marigayi Alfred, shekara goma sha tara katanga ɗaya. Na ci. In zubar ne?

Ban faɗi komai ba ranar harin, Allah shaida ne. Da hantsi 'yan bindiga suka tsaya a kaina, su uku, suka ce ina Alfred ya shiga. 'Ya'yana huɗu na bayana. Ban buɗe baki ba, ban ɗaga hannu ba. Leɓena ne kawai ya ɗan turo wajen rumbun da ya ɓuya, yadda kowa ke yi in an tambaye shi hanya. Leɓe ai ba magana ba ne. Hilda tana kan dutse da yara, ba ta gani ba.

Laraba, 14 ga Oktoba

Bakina ya ja min. Babayo ya sake ihunsa, na kasa daurewa, na ce, "Ba haka ake yi ba. Wa ke ihu bindiga na kansa?" Cornelius ya ce to in gwada musu. Na sunkuyar da kai, na turo leɓe gefe ɗaya. Shi ke nan.

Cornelius har da tafi, wawan Allah, wai ina na ɓoye wannan baiwa. Hilda na kusurwa tana sa maɓalli a riga. Allurar ta tsaya a hannunta, ba ta ƙara motsi ba har muka tashi.

Asabar, 17 ga Oktoba

Ba tuwo yau.

Lahadi, 18 ga Oktoba

To sai me? Su da suka gudu kan dutse sun fi ni ne? Kowa jarumi ne in ba shi aka tambaya ba. Na fasa tub biyu yau wajen faci, mai Keke ya zage ni tas. Tsoro nake ji, gaskiya. Hilda kaɗai ta rage a garin nan da ke gaishe ni da sunan 'ya'yana.

Laraba, 21 ga Oktoba

Ta zo rumfa. Na jawo benci, ta ƙi zama.

"Malam Rufa'i, mu uku muka san da rumbun nan. Shi, da ni, da kai. Shekara guda ina roƙon Allah kada ya zama kai ne."

Na fara cewa yara na bayana. Ta ce ba ta tambaye ni ba. Ta riga ta gaya wa Cornelius ya ba ni wurin Babayo. "Ka yi shi a gaban mutane. Zan zauna can baya, ba na son ganin fuskarka kusa."

Ko ƙwalla babu. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Asabar, 24 ga Oktoba

An yi wasan da la'asar, zauren makaranta ya cika. Na karɓa ne don Babayo bai iya ba, ba wani abu ba.

Kafin a fara Cornelius ya ja ni gefe: "Malam, zauren nan babba ne, na baya ba sa ganin leɓe. Sai ka ɗaga hannu." Na so in yi musu. Na leƙa, na hango ɗankwalinta a bencin ƙarshe, jikin ƙofa.

Da 'yan bindigar wasa suka tsaya a kaina, na ɗaga hannu na nuna rumbun kwali. Ba wanda ya yi dariya. Na ɗauka hannun zai fi leɓen nauyi. Bai fi ba, ko kaɗan.

Kwanonta na wurina tun tuwon ƙarshe da ta kawo. Na wanke shi. Dole dai wani ya mayar.